Kafin A Kulle Ɗakin Fayil: Ina Takardun Gwamnati Za Su Kwana?

Tun daga shekarar 2021, sa'ad da Ofishin Shugaban Ma'aikata na Tarayya ya fito da shirinsa na shekara biyar don gyaran aikin Gwamnati, ake ta maganar raba ofisoshi da takarda. Da Uwargida Didi Walson-Jack ta karɓi shugabancin ma'aikata a watan Agusta 2024, sai ta ɗibar wa ma'aikatun Tarayya wa'adi, watau ranar 31 ga Disamba 2025, ta ce kowace ta mayar da aikinta cikin kwamfuta. Jihohi ma ba su zauna ba. A nan Katsina, Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a watan Mayu 2023, ta kafa hukuma ta musamman, KATDICT, don kula da al'amuran kwamfuta da sadarwa na Jihar. Wannan duka abin yabo ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a koma zamanin keken rubutu. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika jin ta a wurin bikin buɗe irin waɗannan shirye-shirye ba, alhali kuwa ita ce uwar maganar. In an daina takarda, me zai tsaya a matsayin fayil, kuma wa za a riƙe idan an neme shi bayan shekara talatin ba a gan shi ba?

Ya kamata mu fara da bayyana wa masu karatu abin da ake nufi. A yau ma'aikaci ba lalle ne ya ajiye wasiƙarsa cikin kwamfutar da ke kan teburinsa ba. Kamfanoni irin su Microsoft da Google suna da manyan gine-gine cike da na'urori, suna ba da hayar wuri a ciki. Wasiƙa da lissafi da rahoton taro duk can suke kwana, mutum biyar ko goma suna iya gyara takarda ɗaya a lokaci ɗaya, wani yana Katsina, wani yana Funtuwa, wani yana Abuja. Turawa suna kiran wannan tsari da sunan gajimare, sunan da ke sa mutum ya zaci abin a sama yake yawo, ba shi da mai shi. Ba haka ba ne. Sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne rumbun haya. Hatsin naka ne, amma rumbun na wani ne, a filin wani yake, kuma bisa ƙa'idar mai rumbun ake buɗewa da rufewa.

Wanda duk ya san Katsina ya san tsohon ginin ƙasa na Kwalejin Katsina da ke wajajen Ƙofar Sauri, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a shekarar 1922, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam. An ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. To, me ya sa har yau, bayan shekara ɗari, manazarci yake iya bin diddigin wannan makaranta, da na baitulmalin da aka fara a Katsina tun kafin sauran ƙasashen Arewa su ɗauka? Domin akawuna sun rubuta, sun ɗaure, sun ajiye. Fayilolin Lardin Katsina suna nan a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, reshen ma'aikatar da Dokta Kenneth Dike ya assasa a 1954. Masana irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman sun sha zama a kan takardu irin waɗannan kafin su rubuta tarihin ƙasar Katsina. Waɗancan akawuna ba don tarihi suka yi ba. Dokar ofis ce ta tilasta musu.

Yana da kyau a tuna yadda wannan doka take aiki, don samarin ma'aikata da yawa sun tarar da ita ta riga ta yi rauni. Wasiƙa in ta iso ofis, akawun rajista zai buga mata hatimin ranar da ta zo, ya shigar da ita cikin littafi, ya nemo fayil ɗin da ya dace da ita, ya huda ta ya zura cikin igiya, sa'an nan ya ba ta lambar shafi. Masinja ya kai wa jami'in da abin ya shafa, a rubuta a kati cewa fayil kaza yana wurin wane tun ranar kaza. Jami'i ya rubuta ra'ayinsa, ya sa hannu da kwanan wata, ya tura gaba, har abin ya kai ga Babban Sakatare, wani lokaci har ga jan biron Gwamna. In ana so a sake kawo fayil bayan mako biyu, a rubuta B.U. a bangonsa. In an gama da shi, a rubuta P.A., a mayar da shi kan kanta. Hikimar abin tana cikin lambar shafi. Wanda ya zare shafi na 47 don ya ɓoye wata ɓarna, ya bar na 46 da na 48 suna kallon juna, kuma odita ko da bai cika wayo ba zai tambaya ina na tsakiya.

Ba muna cewa ɗakin fayil aljanna ba ne. Kowa ya san fayil ɗin da ke ɓacewa ranar Litinin ya bayyana ranar Talata bayan an gaisa da wani. Gara ta ci nata, ɓera ya ci nasa, yoyon damina ya jiƙa saura. Gobara kuwa ta zama kamar tana da hanci, ta fi son ofisoshin kuɗi, kamar wadda ta tashi a Ofishin Akanta-Janar na Tarayya a Abuja ranar 8 ga Afrilu 2020. Duk da haka takarda tana da hali guda mai kyau. In ba wanda ya taɓa ta, tana nan. Sakaci shi kaɗai ba ya kashe ta nan da nan.

Rumbun haya kuwa halinsa akasin haka ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. A cikinsa abin da ba a ba da umurnin a riƙe ba, yana da ranar tafiya. Ga misali daga ƙa'idojin kamfanonin da kansu. A tsarin Microsoft 365, idan aka rufe asusun ma'aikaci saboda ya yi ritaya ko ya bar aiki, takardun da ke ma'ajiyarsa ta OneDrive kwana 30 ake riƙe su in ba a canza ƙa'idar ba, sa'an nan su faɗa kwandon shara, inda suke yin kwana 93 kafin su tafi. A Google Drive abin da aka jefa kwandon shara kwana 30 yake yi. Littafin da ke nuna wanda ya buɗe takarda, da wanda ya gyara, da wanda ya goge, watau magajin katin nan na rajista, kwana 180 yake riƙe labari a tsarin Microsoft na yau da kullum, sai wanda ya biya ƙari. Kamfanonin ba su yaudari kowa ba. Sun tanadi hanyar da za a ɗora wa takarda alama a ce kada a goge ta sai bayan shekara bakwai, ko goma, ko har abada, da hanyar da za a kulle takarda ta zama ba mai iya canza ko da wasali ɗaya a cikinta. Amma sai wani ya zauna ya saita, kuma mafi ingancin waɗannan hanyoyi yana cikin lasisi mai tsada. Ma'aikatar da ta sayi lasisi mai araha, ta raba wa ma'aikata, ta kira 'yan jarida ta ce ta shiga zamani, ta gina rumbu ne ba ta liƙe gindinsa ba.

A ɗauki malamin makarantar firamare a Ƙofar Sauri, wanda aka ɗauka aiki bana. Bisa ƙa'idar da aka saba da ita a aikin Gwamnati, sai bayan shekara 35 zai ajiye alli, ko fiye da haka inda aka ƙara wa malamai wa'adi. Ranar da zai je neman garatuti za a tambaye shi takardar ɗaukarsa aiki, da ta tabbatar da shi, da ta kowane ƙarin girma. In waɗannan takardu suna cikin ma'ajiyar wani jami'i ne da ya yi ritaya tun shekara ashirin da suka wuce, aka rufe asusunsa, to kwana 30 da 93 sun daɗe da cika. Wannan ba tatsuniya ba ce ga mutanen Jihar nan. Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga ta Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, da fayilolinsu aka kwaso ma'aikata, kuma da waɗannan fayiloli aka lissafa wa kowa shekarunsa na aiki. A 2025 ma, da aka tantance ma'aikatan Ƙananan Hukumomi 34 da na hukumomin ilimi nasu, aka cire sunaye fiye da dubu uku, a kan takardu aka yi hukuncin. Wanda aka zalunta a irin wannan aiki, takarda ce lauyansa. Wanda ya yi cuta, takarda ce ke kama shi.

Akwai kuma wata ɓarakar da ta fi wannan girma, wadda ba ta buƙatar kwangila ko bikin buɗewa, don ta riga ta shiga kowane ofis. Ita ce WhatsApp. Yau ana kiran taro a can, ana aika daftarin kasafi a can, har amincewar shugaba a kan kashe kuɗi takan zo da kalma ɗaya ko hoton babban yatsa. Wayar ta jami'in ce, ba ta Gwamnati ba. In an canza masa wurin aiki ya tafi da ita, in ta faɗa ruwa shi ke nan, kuma yana iya saita ta yadda saƙo zai goge kansa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Haka yake ga mai aika takardun ofis ta akwatin Gmail nasa na kansa. Ƙasashen da suka riga mu sun ɗanɗana kuɗarsu. A Ingila, da kwamitin binciken annobar korona ya zauna a watan Disamba 2023, sai aka tarar saƙonni wajen 5,000 na tsohon Firayim Minista Boris Johnson, na farkon annobar, ba su samuwa. A Amurka kuwa, a watan Satumba 2022, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ci kamfanonin kuɗi 16 tarar dala biliyan ɗaya da miliyan ɗari, ba don sun saci kuɗin kowa ba, sai don ma'aikatansu sun yi maganar aiki ta wayoyinsu ba a ajiye ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce ai mu ba mu da irin waɗannan dokoki. Muna da su, har sun yi yawa, sai dai ba a haɗa su wuri ɗaya an karanta ba. Dokar Ajiye Takardun Tarihi ta 1992 ta hana ofisoshin Tarayya hallaka takardunsu ba tare da izinin shugaban gidan ajiyar ba, ta kuma ce takardar da ta kai shekara 25 a buɗe ta ga jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayani, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, ta wajabta wa kowace hukuma ta riƙa ajiye bayanan ayyukanta a tsare, ta amsa wa mai tambaya cikin kwana bakwai, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba ga jami'in da ya lalata ko ya canza takarda da gangan. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa wannan doka ta Tarayya ce, ba ruwansu, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilu 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta hau kan kowane mataki na Gwamnati. Saboda haka ɗan Katsina yana da ikon ya tambayi takardun kwangilar magudanar ruwan unguwarsu, kuma amsar cewa na'ura ta goge ba za ta fid da kowa ba.

Sai Dokar Shaida ta 2011. Sashe na 84 ya yarda kotu ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta, amma da sharaɗi. Sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma sai wani mai alhakin kula da ita ya ba da shaida ko ya sa hannu a takardar tabbaci. To, a ma'aikatar da ba a naɗa kowa a kan wannan aiki ba, wa zai tsaya gaban alƙali ya rantse cewa takardar da mutum shida suka yi ta gyarawa ita ce wadda Kwamishina ya amince da ita ranar kaza? Lauyan ɓarawo ba ya buƙatar ya nuna mai gidansa bai ci ba. Ya ishe shi ya sa shakka a kan takardar.

Ta ɗaya gefen kuma ga Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2023. Ita tana jan igiyar ne ta wancan ɓangare. Ta ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa, kada a fitar da shi ƙasar waje sai inda akwai isasshiyar kariya, kuma in ɓarayi sun kutsa sun kwashi abin da zai cuci mutane, a sanar da hukuma cikin awa 72. Watau wata doka tana cewa ajiye, wata tana cewa goge, kuma dukansu suna da gaskiya. Takardar mallakar fili ba a goge ta har abada. Sunaye da lambobin waya na matasa dubu da suka nemi aiki ba su samu ba, babu dalilin da za su yi shekara goma a ma'ajiyar da kowane akawu ke iya buɗewa. Abin da ke raba wannan gardama shi ne jadawalin ajiya, wanda zai bi takardun ma'aikata iri-iri ya ce wannan shekara kaza, wannan sai bayan mutuwar mai fensho da biyan magadansa, wannan kuwa a miƙa shi gidan tarihi. Kwamfuta ba ta iya rubuta wannan jadawali. Aikin Shugaban Ma'aikata ne, da Ma'aikatar Shari'a, da Babban Odita, da masu kula da tarihi. Bayan sun gama ne masanin kwamfuta zai mayar da shi umurni ga na'ura.

Game da inda rumbun yake, magana ce mai tsawo, amma za mu taƙaita. Ƙa'idojin hukumar NITDA tun na 2013 sun ce bayanan Gwamnati a cikin Nijeriya za a ajiye su. Manyan kamfanonin nan kuwa, da suka tashi kafa cibiyoyinsu na farko a nahiyar nan, Afirka ta Kudu suka nufa, Microsoft a 2019, Google a 2024. Amurka kuma ta yi doka a 2018 wadda ta ba hukumominta ikon neman bayani daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa aka ajiye shi. A watan Yuli 2025 Microsoft ya katse wa kamfanin mai na Nayara a Indiya hidima saboda takunkumin Tarayyar Turai, ya mayar bayan kwanaki kaɗan, sa'ad da magana ta riga ta kai kotu. Sai kuɗin haya, wanda da dala ake ƙiyasta shi. Dala tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati kafin Yuni 2023, ba a yi shekara ba ta haura 1,500. Wanda ya san yadda ake jinkirin sakin kuɗin gudanarwa a ma'aikatunmu, ya san abin tsoro a nan. A ƙa'idar Microsoft, in haya ta ƙare ba a sabunta ba, kwana 90 ake ba mai kaya ya kwashe kayansa. Bashin lantarki in ya taru, duhu ake sha, a biya a dawo da wuta. Wannan bashin in ya wuce wa'adi, ba abin da za a dawo da shi.

Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta karkata ga kamfaninta na Galaxy Backbone, mai cibiyoyi a Abuja da Kano, da tsarinsa na 1Gov. Wannan ya rage damuwar ƙasar waje da ta dala. Amma kada a ɗauka rumbun gida ba ya cin wuta. Koriya ta Kudu ta fi mu na'ura nesa ba kusa ba. Ranar 26 ga Satumba 2025 batir ya kama wuta a cibiyar bayanan Gwamnatinsu da ke birnin Daejeon, ayyuka fiye da 600 suka tsaya. Yawancinsu an farfaɗo da su. Amma ma'ajiyar takardun ma'aikata da suke kira G-Drive, mai ɗauke da terabayit 858, aikin wajen shekara takwas, ba a yi mata kwafi a wani wuri ba, wai don ta yi girma da yawa. Ma'aikatar da ta fi kowa asara ita ce mai kula da ma'aikata, domin ita ce ta fi bin umurnin a ajiye komai a can. Mu kuwa da ko igiyar intanet ba ta tabbata gare mu ba, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka yi cirko-cirko, bai kamata a ce takardar fili ko ta fensho tana da mazauni ɗaya tak ba.

A ganinmu, tun da Jihar Katsina ba ta yi nisa a wannan tafiya yadda juyowa zai yi wuya ba, gara a sa doki gaban keke. A fito da jadawalin ajiya tukuna, a buga shi a matsayin umurni ga kowace ma'aikata. A hana ajiye takardar hukuma a ma'ajiyar mutum ɗaya, a buɗe wa kowane sashe tasa da lambar fayil irin ta da, yadda ritayar jami'i ko canjin wurin aikinsa ba za su taɓa ta ba. Hukuncin da aka yanke ta waya, a ba da kwana ɗaya ko biyu a shigar da shi fayil, in ba haka ba Akanta ya ƙi biya. Duk kwangilar da za a sa wa hannu da mai rumbu, na gida ko na waje, a rubuta a ciki garin da kayan suke, da yadda za a fito da su cikin sigar da wata na'ura za ta iya karantawa ranar da aka rabu. Kuɗin hayar kuma a sa shi cikin abubuwan da ake cirewa tun daga tushe, kamar albashi.

Abu na ƙarshe ya shafi mutane. An saba, in sabon tsari ya zo, a ɗauko samari masu digirin kwamfuta a ba su ofis mai sanyi, tsofaffin akawunan rajista kuwa a bar su da ƙura suna jiran ritaya. Saurayin ya san inda ake latsawa, amma bai san dalilin da ya sa ba a haɗa fayil ɗin sirri da na fili ba, bai san wace takarda odita zai nema bayan shekara shida ba. Akawun ya sani. Yawancin waɗanda suka koyi aikin rajista a hannun mutanen da suka zo daga Kaduna a 1987 sun kai ga ritaya ko suna bakinta. Kafin ragowarsu su tafi, ya kamata Ofishin Shugaban Ma'aikata ya zaunar da su tare da ma'aikatan KATDICT, ma'aikata bayan ma'aikata, a fara da Hukumar Fensho da ofishin filaye, su bi kanta-kanta su faɗi abin da ke cikin kowane fayil da shekarun da ya kamata ya yi.